Darasi A Kan Raunin Mazakuta Da Dashen Sanda Mai Lanƙwasuwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta aure, Ya haramta zina, Ya jarrabi bayinSa da cuta, kuma Ya buɗe musu ƙofar magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, wannan darasi a kan wata magana ce wadda ake jin nauyin faɗinta a masallaci, alhali kuwa ana kwarmata ta da lasifika a bakin kasuwa. Ka tsaya a tashar mota ta Haɗeja, ko kasuwar Malam Madori, ko Kafin Hausa, ka saurari mai tallan maganin maza. Zai faɗi abin da kunnen mai mutunci ba ya iya ɗauka, mata suna wucewa, yara suna ji, ba mai hana shi. Sa'an nan malami ya hau mumbari ya ce kunya ta hana shi. To, wa ya ci riba? Boka da mai kwalba. Saboda haka za mu yi maganar a fili, da ladabi.

Ka sani magabata ba su ɓoye irin wannan ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da Rifa'a ya saki, ta auri Abdurrahman ɗan Zabiri, ta zo gaban Annabi (S.A.W.) tana ƙarar cewa sabon mijin ba ya iya biya mata bukata, har ta kama gefen tufafinta ta yi kwatance da shi. Sayyidina Abubakar yana zaune. Wani sahabi a bakin ƙofa ya ji nauyin maganar, amma Annabi murmushi ya yi, ya ba ta hukunci. A wata ruwayar mijin ya zo ya musa. Abin lura shi ne ba a kore ta ba, ba a ce mata marar kunya ba. Idan mace ta iya faɗin wannan a gaban fiyayyen halitta, kai me zai hana ka faɗa wa likita?

Yadda abin yake

A cikin azzakari Allah Ya halicci bututu guda 2, kwance gefe da gefe, cikinsu kamar soso. Idan sha'awa ta motsa, saƙo ya sauko daga ƙwaƙwalwa ta jijiyoyi, sai hanyoyin jini su buɗe, sosan ya cika, mafitar jinin ta matse, gaba ya miƙe. Kai da ka san noman rani a Auyo ba ka bukatar dogon bayani. Idan kacala ta toshe magudana, ruwa ba ya isa gona. Idan kuwa ruwa ya iso amma kuyya ta fashe, ba ya zama. Haka wannan yake. Ko dai jini ba ya shiga, ko ya shiga ba ya tsayawa, ko kuwa saƙon ne ba ya isowa.

Ga samari irinku, mafi yawa ba ciwon jiki ba ne, tsoro ne. Ango ya shiga ɗaki da bashin biki a wuyansa, abokai sun cika masa kunne da ƙarairayi, wayarsa kuma ta nuna masa hotunan fasiƙanci har ya ɗauka haka mutane suke. Daren farko ya gaza, dare na biyu tsoron na farko ya hana shi, shi ke nan sai ya ce an ɗaure shi. Akwai alama mai sauƙi: mutumin da yake farkawa da asuba ya tarar gabansa a miƙe, galibi hanyoyin jininsa lafiya lau suke. Wannan bai da bukatar wuƙar likita. Bukatarsa natsuwa, da haƙurin iyali, da barin kallon haram.

Sai kuma abin da samari suke jawo wa kansu. Taba sigari tana ƙuntata hanyoyin jini. Wiwi da giya, Allah Ya kiyashe mu. Taramol kuwa, wanda wasu ke sha wai don su daɗe a gona ko su daɗe a shimfiɗa, ƙarshensa kashe sha'awar yake yi. Haka maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018 bayan ɓarnarsa ta bayyana.

Na uku shi ne ciwon jiki na gaske: ciwon sukari, hawan jini, ciwon ƙoda, karayar ƙugu ko ta gadon baya a haɗarin babur, da aikin da ake yi wa dattawa a ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsara. Mu mutanen wannan kwari, daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa, ba sai an gaya mana yadda ciwon ƙoda ya yawaita ba. Kuma likitoci sun tabbatar raunin gaba yakan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru, domin hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ne ke fara toshewa. Ashe ke nan wanda ya ga canji a jikinsa ya tafi aka auna sukarinsa da jininsa, ba aurensa kaɗai ya ceta ba, mai yiwuwa har ransa.

Amma maganar basir da sanyi, wadda ita ce jarin masu lasifika, ka ajiye ta. Basir ciwo ne na dubura, ba shi ke kashe gaba ba. Fitsarin jini kuma da ake samu ga masunta da masu wanka a kogi tsargiya ce, tana da ƙwayarta a asibiti, kada ka bar ta ta tsufa a mafitsararka.

Miƙewar da ba ta sauka

A nan ina so ka tattaro hankalinka, domin wannan ita ce hanyar da ta fi kai saurayi ɗan shekara 20 ko 25 ga rasa mazakutarsa gaba ɗaya. Akwai miƙewar gaba wadda ba ta sha'awa ba ce, mai zafi, wadda ta ƙi sauka. Jini ya shiga ya maƙale, ya yi baƙi, iska ba ta isa ga sosan. Ta fi samun masu amosanin jini, watau sikila. Wani bincike da aka yi a Kano, aka buga a 2020, ya nuna kusan mutum 1 cikin 3 na maza masu sikila sun taɓa samun wannan. Tana kuma samun wanda ya yi wa kansa allurar ƙarfin maza ba da umarnin likita ba, ko ya haɗa magungunan da bai san mene ne a cikinsu ba.

Iyakar da likitoci suka sa ita ce awa 4. Abin da ya kai haka ya zama na gaggawa kamar macen da haihuwa ta gardame mata. Idan aka je da wuri, za a zuƙe jinin da allura, a sa magani, ya sauka, mutum ya tsira da lafiyarsa. Idan aka yi kwana ɗaya, sosan ya fara mutuwa. Idan aka yi kwana 2 ko 3, sai ya koma tabo mai tauri, kuma tabo ba ya cika da jini har abada.

Yanzu ka ɗauka yaro ne a wani ƙauye na Guri ko Kiri Kasamma, abin ya same shi da tsakar dare. Kunya ta hana shi tada mahaifinsa. Gari ya waye ya ce zazzaɓi ne. Da yamma aka kawo rubutu, kashegari aka kawo jiƙo. In damina ce irin ta 2022 da ruwa ya yanke hanyoyi, sai an nemi kwale-kwale kafin a kai bakin titi. Kafin a isa Babban Asibitin Haɗeja, balle Kano mai tafiyar kimanin awa 3 a mota, aikin gama ya gama. Wallahi wannan kunya ba ta addini ba ce. Mai sikila ya sani tun yau, ya kuma sanar da wani babba a gidansu: in abin ya taso, ya yi fitsari, ya sha ruwa da yawa, ya ɗan yi tafiya, ya watsa ruwan ɗumi, kada ya sa ƙanƙara. In ya kai awa 2 bai sauka ba, mutumin ƙauye ya kama hanya, kada ya jira ta huɗu. Wanda kuma abin ke zo masa gajere-gajere da asuba yana sauka da kansa, ya gaya wa likitansa, domin gargaɗin babba ne.

Kuma wannan dalili ne a kan dalili na yin gwajin jini kafin aure. Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Mai hankali ba ya jiran doka.

Boka da mai kwalba

Mu ba mu musun sihiri. Yana nan, kuma ana raba miji da mata da shi. Amma maganinsa shi ne Alƙur'ani, da addu'o'in da suka tabbata, da zikirin safe da maraice, ba zuwa wurin wanda zai ce ka kawo baƙin bunsuru, ko ka binne ƙwai a mararraba, ko ka ɗaura guru a ƙugu ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, an hana shi ladan sallar dare 40. In ya gaskata shi kuwa, abin ya fi haka muni. Wane irin ciniki ne wannan, mutum ya sayar da tauhidinsa don kwanciyar dare ɗaya, kuma kwanciyar ma ba ta samu ba? Da yawa cikin masu cewa kishiyar uwa ta ɗaure su, ba a taɓa tsaga yatsansu an auna sukari ba. Sun ɗora wa baiwar Allah ƙazafi, sun yanke zumunta, ciwon kuwa yana nan yana cin jijiyoyinsu.

Mai kwalba shi ma ka kiyaye shi. Hukumomin kula da magunguna, musamman ta Amurka, sun sha gano cewa abubuwan da ake sayarwa da sunan tsimi ko zuma ko shayin maza, an zuba musu sinadarin Viagra a ɓoye, ba awo. Wannan sinadari in ya haɗu da maganin zuciya irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, yana iya faɗar da jini har mutum ya mutu.

Neman magani na gaskiya kuwa sunna ne. Larabawan ƙauye sun tambayi Annabi (S.A.W.) ko su yi magani, ya umarce su da su yi, ya sanar da su cewa tsufa ne kaɗai ba shi da magani. Kuma maganin wannan ciwo hawa-hawa ne. Da farko a gyara tushen: sukari, jini, taba, damuwa. Sa'an nan ƙwayoyi, waɗanda suka fito tun 1998, da rubutun likita. In ba su yi ba, akwai allura da ake koya wa mutum ya yi wa kansa, akwai kuma wani famfo na waje mai jawo jini. Sai duk waɗannan sun gaza, ko an tabbatar sosan ya mutu, sa'an nan a zo ga dashe.

Mene ne dashen?

Sanda ce guda 2 ta wata irin roba mai laushi da ake kira silikon, a tsakiyar kowace akwai waya ta azurfa ko ta wani ƙarfe mai lanƙwasuwa. Likita zai tsaga, ya buɗe waɗannan bututu 2, ya auna tsawonsu, ya zura sanda ɗaya a kowane, ya ɗinke. Aikin kamar awa ɗaya ne. Ba abin da ke bayyana a waje. Mutum in yana bukatar iyalinsa sai ya miƙar da gaban da hannu, in ya gama ya lanƙwasa shi ƙasa.

Ba sabon abu ba ne. A 1936 wani likitan Rasha, Bogoras, ya gwada da guringuntsin haƙarƙari. Wani likitan Masar, Beheri, ya ba da rahoto a 1966 na mutum 700 da ya sa wa sandar roba a cikin bututun. A 1973 Brantley Scott a Amurka ya fito da mai famfo, wanda ake hurawa da ruwa a sace. A 1975 Small da Carrion suka fito da tasu ta silikon, kana a 1980 Jonas na Jamus ya sa wayar azurfa a ciki don ta lanƙwasu ta tsaya inda aka ajiye ta. A Indiya kuma wani likita, Rupin Shah, ya ƙera mai rahusa don talakawa. Mai famfo ya fi kama da halitta, amma ya fi tsada nesa, yana da sassa da ke iya lalacewa, kuma yana bukatar hannu mai lafiya. Mai lanƙwasuwa ba shi da injin da zai mutu, shi ya sa ya fi yawa a ƙasashen da kuɗi ya yi ƙaranci.

Abin da waɗanda aka yi wa suke faɗi

Wannan shi ne wurin da ya kamata mai niyya ya karanta sau biyu, domin yawancin nadama daga tsammanin da ba na gaskiya ba take fitowa.

Abu na farko da suke faɗi shi ne tsoro ya tafi. Mutumin da ya shekara 3 ko 5 yana ƙirƙirar faɗa da matarsa bayan isha'i don kada a kai ga shimfiɗa, ko yana kwana a shago wai tsaron kaya, yanzu ya san abin ba zai ba shi kunya ba. Rahotannin asibitoci daga ƙasashe daban-daban sun nuna mafi yawansu, kamar 7 ko 8 cikin 10, sun gamsu, ko da yake gamsuwar masu mai famfo ta ɗara haka.

Amma suna faɗin wasu abubuwan. Makonnin farko akwai zafi da kumburi, zama da wuya, hawa babur ba dama. Ba a kusantar iyali sai bayan mako 4 zuwa 6, sai likita ya ba da izini. Manomi da masunci su lura: shiga ruwan fadama da ɗanyen ɗinki neman bala'i ne, saboda haka kada a sa ranar aiki a tsakiyar dashen shinkafa.

Ƙarar da ta fi yawa ita ce ta tsawo. Da yawa suna cewa gabansu ya gajarta. Gaskiyar magana ita ce sanda ba ta ƙara komi, abin da ta tarar shi take cikawa, kuma ciwon da kansa, musamman tabo, ya riga ya rage tsawon tun kafin aikin. Mutum yana tuna yadda yake yana ɗan shekara 18, sai ya ga bai kai ba. Wanda aka yi wa alkawarin ƙarin girma, an yi masa ƙarya. Haka nan kan gaban ba ya kumbura kamar da, domin sanda ba ta shiga cikinsa, wasu kuma sukan ce suna jin sa da sanyi.

Sai maganar ɓoyewa. Gaban ba ya komawa laushi kamar na halitta, kullum da taurinsa, lanƙwasa shi kawai ake yi. Turawa masu matsattsen wando sun fi kuka da wannan. Mu kuwa Allah Ya yi mana sutura da kaftani da babbar riga da wando mai yalwa, sai a ƙara da ɗan kamfai mai riƙewa. Duk da haka mai shiga kogi da jama'a, ko mai kwana ɗaki ɗaya da abokan aiki, zai bukaci kula.

Abin da bai canjawa shi ne ji da daɗi da fitar maniyyi. Yadda suke kafin aiki haka za su kasance. Wanda yake haihuwa zai ci gaba da haihuwa in Allah Ya so. Wanda ciwon sukari ko karayar baya ta riga ta ɗauke masa ji, sanda ba za ta dawo da shi ba. Sha'awa ma ba ta cikin sanda. Kuma ba ta gyara auren da zagi da rowa da raini suka kashe.

Haɗari mafi girma shi ne ƙwayar cuta ta kama dashen. Yana faruwa ga kamar mutum 1 zuwa 3 cikin 100 a aikin farko, ya fi haka ga mai sukarin da bai sauka ba da mai ciwon gadon baya. In ya faru, galibi sai an cire, kuma wurin yakan ƙara tsukewa. Wani lokaci kuma sandar takan ci nama a hankali har ta ɓullo, musamman ga wanda ba ya jin zafi a wurin. Zazzaɓi, ko ruwa daga ɗinki, ko zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, duk alamun komawa asibiti ne a ranar.

Daga ƙarshe ga wadda ba ta da gyara: hanya ce da ba a komowa. Zura sandar yana lalata sosan. In aka cire, miƙewar halitta ba ta dawowa, ƙwaya ma ba za ta ƙara aiki ba. Saboda haka saurayin da matsalarsa tsoro ce ko taramol, ya je aka sa masa wannan, ya zalunci kansa, kuma wanda ya yi masa ya ci amana.

Hukuncinsa

Mai tambaya zai ce: wannan ba canja halittar Allah ba ne? Amsa: a'a. Abin da aka hana shi ne taɓa lafiyayyar gaɓa don ƙawa ko yaudara. Mayar da gaɓar da ta lalace ga aikinta kuwa magani ne. Hujja ita ce labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya yi na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya yi na zinariya, alhali zinariya haram ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito shi. In an halatta wannan don fuska, to gaɓar da ake tsare farji biyu da ita daga zina ta fi cancanta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya ta Malesiya a 2007, ta yanke cewa fiɗar da ake yi don mayar da gaɓa ga aikinta ta halatta, da sharaɗin amfaninta ya rinjayi cutarta, ƙwararre ne zai yi, babu wata hanya mafi sauƙi, kuma an yi wa mara lafiya cikakken bayani ya yarda. Buɗe al'aura ga likita kuma lalura ce, a yi ta gwargwadon bukata, a nemi likita namiji.

Haƙƙin matarka

Kada ka ɗauka wannan matsalarka ce kai kaɗai. Mace tana da haƙƙi a shimfiɗa kamar yadda take da shi a ci da tufafi. Malaman mazhabar Maliku, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, suna kiran wannan ciwo i'itirali. A Risala ta Ibn Abi Zaidi hukuncin a bayyane yake: wanda bai iya saduwa da matarsa ba, in ta kai ƙara, alƙali zai ba shi shekara guda. In ya iya a cikinta, aure yana nan. In bai iya ba, a raba su idan ta so. An ruwaito wannan wa'adi tun daga Sayyidina Umar. Amma in ya taɓa saduwa da ita ko sau ɗaya sa'an nan ciwon ya zo, mashahurin zance shi ne ba ta da wannan zaɓi, jarrabawa ce ta same su tare. To, kada ka fake da wannan ka bar 'yar mutane tana ƙuna, kai kana ƙin zuwa asibiti. Shekarar da shari'a ta bayar ta neman magani ce, ba ta zama ba ce.

Kuma wanda ya san yana da wannan ciwo, haramun ne ya ɓoye ya ɗaura aure. Mun ga inda ake cewa a yi masa aure zai warke. Yarinya ba kwalbar magani ba ce. Mafi muni shi ne a bar ta da zargin rashin haihuwa, uwar miji tana yi mata gori, ita kuwa tana rufa wa ɗanta asiri.

Game da dashe, abin da muke gani shi ne kada mai aure ya yi shi a ɓoye. Likitoci da kansu sun lura waɗanda suka shawarci matansu tun farko sun fi zama lafiya da shi, domin ita ma jikinta zai taɓa, kuma ba abu ne da ke ɓoyuwa a ɗaki ba. Wanda aka yi wa kafin aure, ya sanar da wadda zai aura ta hanyar da ta dace, ko ta bakin waliyyinta. Ita kuma amana ce a wuyanta, domin an yi tsawa mai tsanani a kan yaɗa sirrin shimfiɗa, ga miji da mata duka. Ku kuma abokai, in kun ji labarin wani, kada ya zama abin dariyar majalisa.

Kafin ka sayar da gona

Ka fara da asibitin da ke kusa da kai, a auna sukari da jini da ƙoda. Daga nan ka nemi a tura ka wurin likitan mafitsara. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da asibitin mafitsara na Abubakar Imam a Kano, da Shika ta Zariya, da Asibitin Koyarwa na Sakkwato. Shi ne zai tantance ko ka kai matakin dashe, ya kuma nuna maka inda ake yi. Sandar daga waje ake shigo da ita, da kuɗin waje, saboda haka tsadarta tana bin dala. Wasu sukan tafi Masar ko Indiya. Mai tafiya ya tambayi kansa: in ɗinki ya yi ruwa bayan na dawo Birniwa, wa zai duba ni? Ya samu likita a gida wanda ya san da maganar tun kafin ya hau jirgi. Ya kuma guji dillalan da ke karɓar kamasho a kan kowane mara lafiya.

A gaban likita kada ka yi shiru kamar wanda aka kai kotu. Ka tambaye shi sau nawa ya yi wannan aiki, wace irin sanda zai sa, ya ba ka sunanta a rubuce, ya nuna maka tsawon da za ka samu ta hanyar jan gaban tun kafin aiki, ya kuma gaya maka abin da zai biyo baya in cuta ta kama. Mai sukari ya sauko da shi tukuna, mai taba ya bari.

Saura 'yan mas'alolin ibada da ake yawan tambaya. Taurin da sanda ke kawowa ba sha'awa ba ne, ba ya warware alwala, ba ya karya azumi. Abin dubawa shi ne abin da ya fita, maziyyi ko maniyyi. Wankan janaba yana wajaba da saduwa kamar kowa, ko maniyyi bai fita ba. Sandar tana cikin jiki, ba ta hana ruwa isa ga fata, saboda haka tsarki bai canja ba. A kwanakin ɗinki, wanda ruku'u da sujada suka yi wa wuya ya yi salla yadda ya iya, in ruwa zai cuci raunin ya yi taimama. Mai zuwa Hajji ya tuna ba a sa kamfai a cikin harami, sai ya zaɓi zane mai kauri da yalwa, ya ninka shi ta gaba, ya ɗaure da bel. In kuwa ajali ya zo, ba a tsaga gawa don a ciro ta. Mai wanka ya rufe abin da ya gani, a binne shi da ita. Wallahu a'alamu.